Taura Biyu Tana Taunuwa: Ƙwallo Da Karatu A Ƙananan Kwalejojinmu

Ƙannenmu 'yan sakandare, musamman na Karaye da Rogo, yau da ku muke magana. Mu ma a nan muka tashi. Mun buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare, mun kafa raga da duwatsu biyu, mun yi langa da farin wata, wasunmu kuma a bakin dam ɗin Challawa suka koyi iyo. Saboda haka mun san maganar da ake yi muku a gida, domin mu ma an yi mana ita: wai taura biyu ba ta taunuwa, ko dai ka riƙe littafi, ko ka riƙe ƙwallo.

Iyayenmu ba su faɗi haka don ƙiyayya ba. Sun ga yaran da ƙwallo ta raba da aji, kuma mu ma mun gani. Akwai wani abokinmu da a duk tsararmu babu mai ƙafar hagu irin tasa. Yana aji biyar na sakandare wani mutum ya zo ya ce zai kai shi gwaji a kudu, daga nan sai Turai. Mahaifinsa ya sayar da buhunan masara aka haɗa kuɗin. Bayan wata takwas ya dawo da ciwon gwiwa, ba ƙungiya, ba kuɗi, ga shi 'yan ajinsu sun riga sun zana jarrabawar fita. Har yanzu idan ana wasa a garin yakan zo ya tsaya a bakin fili, kuma duk wanda ya san shi a da, sai ya ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro.

Ku zo mu yi lissafi tare. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma babu wadda ba ta da gwanayen ƙwallo a kowace unguwa. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci kofin gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Amma ranar wasa mutum 11 kawai take sakawa a fili, kuma daga ko'ina a ƙasar nan take ɗauko su. Ahmed Musa da kuke alfahari da shi, daga Jos ya zo. Ba muna cewa ɗan Rogo ba zai sa rigar Pillars ba ne, Allah ne mai bayarwa. Abin da muke cewa shi ne ƙofar ƙarama ce, masu turereniya a bakinta kuma dubbai ne. Mai hankali yakan nemi wata ƙofar ya riƙe kafin ya shiga wannan layin.

Ƙofar da mu muka samu ita ce Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, a gefen birnin Kano ta hanyar Zariya. Lokacin da muka samu gurbi, wasu abokai har tausayinmu suka ji, wai mun rasa jami'a mun ɓige da karatun malanta. Amma a can muka tarar da abin da ba wanda ya taɓa gaya mana a sakandare: ashe wasan nan da ake yi mana faɗa a kansa, fanni ne na ilimi mai zaman kansa, da malamansa da littattafansa da jarrabawarsa. Ana kiran sa ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, ɗalibai kuma su ce PHE. Shekara uku ake yi a samu takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake buƙata don koyarwa a Najeriya.

Da safe muna aji muna koyon ƙasusuwa da jijiyoyin jikin mutum, da yadda zuciya da huhu suke aiki idan ana gudu. Bayan la'asar muna fili. A nan muka gane dalilin da ya sa ake ɗumama jiki kafin a fara wasa. Muka koyi cewa wanda ya yi targaɗe ba jan ƙafarsa ake yi ba: a hutar da ita, a ɗora ƙanƙara, a ɗaure, a ɗaga ta sama, in abin ya yi tsanani a tafi asibiti. Muka san cewa faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, daga layin raga zuwa wurin bugun fanareti kuma mita 11. Muka riƙe usur muka yi alƙalanci, muka ji yadda rafali yake ji idan 'yan kallo sun taso masa. Wasunmu da suka zo da ƙwallon ƙafa kaɗai a ka, suka koma ƙwallon raga da ƙwallon hannu da guje-guje, suka gano ashe a can baiwarsu take.

Kuma wasan ba ya tsayawa a cikin makaranta. Kwalejojin ilimi na ƙasar nan suna da gasarsu da ake kira NICEGA, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, jami'o'i kuma NUGA. Ba sai kana karanta PHE za ka shiga ba. Ɗalibin Hausa ko na lissafi ko na aikin gona, in dai ya iya, zai iya wakiltar makarantarsa. Sharaɗin farko ɗaya ne: ka zama ɗalibi na gaskiya mai rajista. Duk ƙwarewarka, in ba ka da gurbin karatu, daga bakin fili za ka yi kallo.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne muke bi ta ƙaramar makaranta. A Amurka akwai kwalejojin gwamnati na shekara biyu, masu araha, waɗanda yara suke zuwa daga gidan iyayensu. Wadda ake ɗauka ta farko a cikinsu ita ce ta garin Joliet, kusa da birnin Chicago, wadda ta fara a 1901 da ɗalibai shida kacal. Tun 1938 irin waɗannan kwalejoji suke da ƙungiyarsu ta wasanni, kuma ɗan wasan da ya faɗi darussansa ba ya buga wa makaranta. Jimmy Butler, shahararren ɗan ƙwallon kwando, da ya gama sakandare manyan jami'o'i ba su kula shi ba. A irin wannan ƙaramar kwaleji ya fara, a garin Tyler na jihar Texas, daga nan ya wuce jami'ar Marquette, a 2011 kuma ƙungiyar Chicago Bulls ta ɗauke shi.

Mu ma nan makarantun ba su yi mana nisa ba. Ɗan Karaye yana da Gwarzo a maƙwabta, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano take da makarantar nazarin muhalli. Ɗan Rogo kuwa, Zariya da manyan makarantunta ba baƙon wuri ba ne a gare shi. Wanda ya gama NCE da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ya ci gaba da wannan fanni a Bayero ko Ahmadu Bello.

Ba za mu ɓoye muku ba, abin da wuya. Kuɗin mota, kuɗin rajista, kuɗin takardu, ga takalmin ƙwallo da yakan ci kuɗin abincin mako biyu. Akwai ranar da mutum zai fito atisaye da garin kwaki kawai a cikinsa, washegari kuma ga jarrabawa. Da damina muna dawowa gida noma, mu tara abin da za mu koma da shi. Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. A cikinmu yau akwai masu koyarwa, akwai masu horar da yara, akwai masu busa usur a gasar unguwanni, kuma har yanzu muna taka leda.

Ƙannenmu mata, ku ma da ku muke. Makarantun 'yan mata suna buƙatar malamai mata da suka san motsa jiki da kiwon lafiya, domin iyaye sun fi samun natsuwa idan mace ce take fita da 'ya'yansu fili. In ba ku karanta ba, wa zai koyar da ƙannenku? Chioma Ajunwa, wadda ta ciyo wa Najeriya zinare a tsallen nesa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, mace ce, kuma jami'ar 'yan sanda ce a lokacin.

To, ga abin da muke roƙon ku. Kada ku bar fili, amma kada fili ya hana ku aji. Ku nemi kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, domin su ne mabuɗin. Ku shiga gasar gida-gida ta makarantarku, ku gwada gudu da tsalle da jifa, ba ƙwallon ƙafa kaɗai ba, kuma ku adana duk takardar shaidar da aka ba ku. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya kai ku gwaji, ku kai maganar wurin mahaifi da malamin wasanninku kafin a taɓa rumbu. Idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, kada ku ji kunyar rubuta sunan kwalejin da ke kusa da gida. Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya kare ƙafafunku daga rauni.