Yunwar da Na Sa wa Mahaifina da Sunan Magani

  A wannan watan zan ba ku labarin wani kuskure ne da na tafka da hannuna, ina ganin alheri nake yi, domin kada wata ta maimaita irinsa a kan mijinta ko iyayenta.

A shekarar 2022 aka ce mahaifinmu yana da ciwon suga. Da yake ni ce babba a mata, kuma ni ake wa kallon mai ilimin boko da na addini, sai aka sallama mini ragamar abincinsa. Na hana shi tuwo, na hana shi fura, na hana shi nama da ƙwai domin na ji ana cewa ba su dace da dattijo ba. Abincinsa ya koma acca kaɗan da ganye, kuma daga magariba babu sauran ci sai gari ya waye. Baba ya riƙa ramewa, damatsansa suka zube, cikinsa kuwa yana ƙara girma, ƙafafunsa suna kumbura. Duk da haka hankalina a kwance yake, saboda awon suga na safe yana fitowa daidai, haka ma wani gwaji da ake kira HbA1c. Idan Umma ta yi ƙorafi sai in ce mata ai takarda ba ta ƙarya.

A azumin 2023 abin ya fito fili. Wata rana bayan la'asar aka kira ni ina cikin aji, aka ce Baba ya faɗi, gumi na keto masa, yana magana ba kan gado. A asibiti aka auna sugansa aka samu 48, wato ya sauka ƙasa ƙwarai, ga shi ya sha ƙwayar rage suga da sahur. Bayan ya farfaɗo likita ya danna cikinsa, ya duba idanunsa, ya tambaye ni: "Malama, an taɓa duba hantarsa kuwa?" Na ce a'a, mu dai suga muka sani.

Da sakamako ya fito, sai ga shi Baba yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wataƙila tun yana yaro, kuma ta daɗe tana cin hantar a ɓoye har ta yi tabo, ta taurare, ta ƙanƙance. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira sirosis. Sugan da muka yi shekara muna yaƙa da yunwa ashe daga hantar ya samo asali.

Ga yadda na fahimci bayanin. Hanta ita ce rumbun jiki. Idan mutum ya ci abinci takan ajiye rarar suga, idan ya yi barci ko azumi ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan. Akwai kuma sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne ya umarci tsokar jiki ta karɓi suga daga jini, kuma hanta ce ke kwashe kusan rabinsa kafin ya zagaya jiki. To idan ta taurare, jini kan kauce mata ya bi wasu hanyoyi, insulin ya taru ya yi yawa, har tsoka ta daina saurarensa. Duk malamar Islamiyya ta san wannan: wadda ke tsawa daga shiga aji har tashi, ba a jimawa yara ke daina jin tsawarta. Shi ya sa mai irin wannan ciwo sugansa kan haura sosai bayan cin abinci, sannan ya faɗi idan ya daɗe bai ci ba, domin rumbun babu ajiya. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu sirosis suna da ciwon suga.

Sai likita ya ɗauko takardar gwajin jini ya nuna mini wani layi da aka rubuta albumin. Furotin ne da hanta kaɗai ke ƙerawa, kuma shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. A jikin mai lafiya yakan kasance tsakanin 3.5 da 5.0, na Baba kuwa 2.6 ne. Ƙarancinsa na cikin abin da ya sa ruwa ya tarar masa a ciki da ƙafafu. Ya nuna mini ALT da AST, waɗanda ke tsiyayowa cikin jini idan hanta na jin rauni, amma ya ja kunnena cewa suna iya fitowa daidai ko da ciwon ya yi nisa. Akwai kuma AFP, wanda ake aunawa tare da hoton ciki duk bayan wata 6 domin a tari kansar hanta da wuri.

HbA1c ɗin da na dogara da shi kuwa, yana auna sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini ne cikin kusan wata 3. Mai sirosis sau da yawa saifarsa kan kumbura ta riƙa lalata waɗannan ƙwayoyin kafin lokacinsu, ko ya yi ƙarancin jini, sai gwajin ya nuna adadi ƙasa da gaskiya. Gwajin da ya fi tona asiri shi ne a ba mutum giram 75 na suga a ruwa ya sha, a auna shi bayan awa 2. Ashe takarda ba ta yi ƙarya ba, ni ce ban san abin da take iya faɗa da wanda ba ta iyawa ba.

Abin da ya fi sa ni kuka shi ne batun abinci. Likita ya ce mai sirosis idan ya kwana bai ci ba, jikinsa kan shiga halin mai lafiyar da ya yi kwana 2 zuwa 3 da yunwa, sai ya koma cin tsokarsa. Tsokar nan kuwa ita ce babbar mai shanye suga, saboda haka duk ramar da na jawo masa ƙara dagula sugan ta yi. Aka ce ya riƙa ci kaɗan kaɗan sau da yawa a yini, ya ci wake, ƙwai, kifi, nono da nama daidai gwargwado, kuma lallai ya sa wani abu a cikinsa kafin ya kwanta. Abin da za a rage shi ne gishiri, dunƙulen miya da kanwa. Aka canza masa maganin suga, aka ɗora shi a kan ƙwayar tenofobir da ke danne cutar, aka hana shi jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak.

Saura azumi. Ni da nake karantar da matan aure hukuncin mara lafiya a Suratul Baƙara, sai ga shi na kasa buɗe baki a gaban mahaifina. Da na daure na faɗa masa, ya yi shiru, can ya ce: "Uwata, shekara 50 ban sha azumi ba, yanzu da na kusa kabari za ki ce in sha?" Na ce: "Baba, Wanda kake yi wa azumin Shi ne Ya yi maka rangwame, kuma jikin nan amanarSa ce." Ya share hawaye, bai ce komai ba. Washegari ya aiko ƙanena ya tambaye ni yadda ake ciyarwa.

Bayan haka duk gidanmu muka je gwaji, aka samu biyu daga cikinmu suna ɗauke da cutar ba su sani ba, sauran aka yi mana rigakafi. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Ana ɗaukarta wajen haihuwa, ko ta askar da ba a tsabtace ba wajen kaciya, tsaga da cire beli, ko ta auratayya. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, saboda haka kada a ƙyamaci mai ita. Jaririn da ya kamu, 9 cikin 10 takan zauna masa har girma, alhali allurar rigakafinta na cikin jerin na yara a ƙasar nan tun 2004, kuma an fi so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu.

'Yar uwa, idan maigida ko wani naki yana da suga, sannan kika ga yana ramewa ciki na girma, ko ƙafa na kumbura, ko ido ya yi launin shawara, ki roƙi likita ya duba hanta. Mai juna biyu ta nemi a gwada ta. Kada kuma ki yanke wa mara lafiya abinci da jin ƙishin-ƙishin kamar yadda na yi.

Baba yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Hantar ba ta koma yadda take ba, amma kumburin ya sauka, yana takawa zuwa masallaci. Kullum bayan isha'i Umma kan dama masa 'yar fura da nono ba suga, idan na je gida ni nake miƙa masa, yakan karɓa yana murmushi ya ce yau ma Malama ta yarda ya sha. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mana kurakuranmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya so.