"Tactless": Gaskiyar da ba a iya faɗa ba

Uwargida, akwai wata kalmar Turanci da mu ma'aikatan jinya muke yawan ji tun muna makaranta: "tactless". Tushenta "tact" ne, daga Latin ta biyo ta Faransanci ta shigo Turanci, kuma asalin ma'anarta taɓawa. Wato wanda bai iya taɓa mutum ba. Ni da nake riƙe sirinji kullum, ma'anar ta zauna mini daram. Allura ɗaya ce, amma wata za ta yi wa yaro bai ko motsa ba, wata ta yi masa ya kwana da kumburi.

Da Hausa za ki ce katoɓara ko suɓul-da-baka, sai dai ba su yi daidai da ita sosai ba. Mai katoɓara dariya ake yi mata. Wadda Bature ke kira "tactless" kuwa ba ƙarya take yi ba, ba zagi ba. Sau da yawa gaskiya ce ta faɗa, amma ba a lokacinta ba, kuma a gaban mutanen da bai kamata ba.

Kin san su a gidan barka. "Mace kuma?" "Aiki aka yi mata? Mu a ɗaki muka haifi namu." Sai kuma a juya ga amaryar da ta shekara uku tana riƙe da jaririn wata: "Ke har yanzu shiru?" Ana faɗa ana dariya ana shan kunun kanwa, kowa ta yafa mayafinta ta tafi, mai jego ta kwana da abin.

Wannan ciwon zuciya ne. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ke taɓa lafiyar yaro. A nan Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure, bakin iyakar Nijar, uwa kan taso daga ƙauye da yaro mai tamowa. Mukan zagaya ma'auni a damtsensa. Idan ya gaza santimita 11.5, ya shiga ja, yana buƙatar kulawa da gaggawa. Tana tsaye tana kallon jan nan, sai wata a layi, wani lokacin ma mai farin kaya irina, ta ce: "Ke kuwa ba kya ba shi abinci ne?"

Ba za ta tanka ba. Kawaici ba zai bar ta ta ce rumbu ya ƙare tun kafin damina, ko yaron ya yi sati biyu yana gudawa ba. Za ta goya shi ta tafi. Maganin tamowa kuwa sai an riƙa dawowa ana awo ana karɓar abincin, kuma wadda aka kunyata a bainar jama'a da wuya ki sake ganinta.

Tambayar ba laifi ba ce, dole mu san abin da yaro ke ci. Ni dai nakan jira ta zauna, in rage murya, in ce: "Sannu da hanya, kin kyauta da kika kawo shi yau. Me yake iya ci yanzu?" Daga nan ita da kanta za ta ba ki labarin rumbun.