Ranar Awo A Bayan Wudil

In kin bar Kano ta Mariri, kika miƙi titin Maiduguri, ba ki cika awa guda za ki hango gadar Wudil. Lokacin damina ce da na je, kogin ya cika ya yi ja, masu kwale-kwale suna ta kai-kawo. Daga nan muka bar kwalta, ɗan acaɓa ya ratsa da ni cikin gero da ya fi ni tsawo, har wani ƙauye da abokiyar aikina ta gayyace ni in taya ta ranar awo.

Asibitin ɗaki biyu ne, don haka a gindin darbejiya aka rataye sikeli. Mata sun yi sahu a kan tabarmi, kowacce da katin rigakafi a cikin leda, wasu sun ajiye ƙwaryar nonon da za su wuce da ita kasuwa. A ɗora yaro, ya tsala ihu, a rubuta nauyi, a sauke. Ni kuwa abin da ke damuna da ranar awo ke nan, a birni ma haka ne: muna auna kilo, ba ma tambayar ko yaro ya fara zama, ko yana waiwayowa in an kira shi.

Wajen hantsi wata yarinya ta saki farantin silba a kan siminti. Duk yaran wurin suka zabura, har masu barci a bayan uwa. Yaro ɗaya ne bai ko motsa ba, yana ta wasa da murfin kwalba. Shekararsa biyu da rabi, ɓul-ɓul da shi.

Na matsa kusa da kakarsa. "Inna, yana magana kuwa?"

"Ai miskili ne, 'yar nan. Ubansa ma sai da ya girma bakinsa ya buɗe."

Uwar, wadda ba ta wuce shekara 20 ba, ta sunkuyar da kai. Sai da kakar ta tashi alwala ta ce mini a hankali, "Sista, na daɗe da lura. In ina bayansa na kira, ba ya ji." Na zaga bayansa na tafa hannu da ƙarfi. Shiru. Da na bi tarihi, ashe a satinsa na farko ya yi shawara har idonsa ya yi ɗorawa, aka yi ta ba shi jiƙo a gida. Shawara mai tsanani ga jariri tana iya taɓa ji da ƙwaƙwalwa, kamar yadda sanƙarau da ƙyanda ke yi.

Gaskiya ne yara ba sa tafiya daidai, wani ya riga wani. Amma ɗan wata 9 da bai zama shi kaɗai kuma ba ya gwaranci, ɗan wata 18 da bai taka ba, ɗan shekara 2 da bai haɗa kalma biyu, ko wanda ya fara magana sannan ta ɗauke, wannan a kai a duba shi. Shekaru ukun farko su ne harshe ke kafuwa. Yaron da aka gano da wuri yana iya samun na'urar ji, ko ya koyi maganar hannu tare da uwarsa kafin ya kai shiga makaranta irin ta Tudun Maliki.

Na rubuta musu takardar zuwa sashen kunne na Asibitin Malam Aminu Kano. Kakar ta juya ta, ta tambayi kuɗin mota, ta ce sai an yanke gero. Ban yi mata musu ba, na san abin da rumbu ke ciki a watan Agusta. Uwar ta karɓi takardar ta ninke ta cikin katin rigakafi, ta sa na rubuta mata lambata a baya.

Har na hau gadar Wudil da yamma ina lissafin makonnin da suka rage a yi girbi.