Saihanba: Dajin Da Aka Dasa Da Hannu A Bakin Hamada

Duk wanda ya tashi daga birnin Beijin ya nufi arewa, bayan tafiyar mil wajen 250 zai hau wani tudu mai tsananin sanyi a Lardin Hebei, wanda ake kira Saihanba. Iyakar ganinsa itatuwa ne dogaye masu ganye kamar allura, sun jeru sahu-sahu. Wannan jeri shi ke nuna wa baƙo cewa dajin bai tsiro da kansa ba, hannun mutum ne ya dasa shi.

A zamanin da wurin kurmi ne, har sarakunan ƙasar Sin suka keɓe shi don farauta tun 1681. Cikin 1863 aka buɗe shi ga manoma, sai gatari da gobara suka yi ta cinsa har ya zama faƙo, iska ta riƙa kwasar rairayi tana nufar Beijin da shi.

Ganin haka, cikin 1962 Gwamnati ta tura mutum 369, yawancinsu samari da 'yan mata, su mayar da dajin. Wuri ne da dusar ƙanƙara kan rufe wajen wata bakwai a shekara, sanyi kuma ya kan kai awo 40 ƙasa da sifiri. Shekara biyu na farko aikin bai yi albarka ba, don cikin dashe ɗari ko takwas ba su rayu ba. Da suka bincika, sai suka gane dashen da ake kawo musu daga nesa ne ba ya jure wa wurin. Saboda haka suka shiga renon iri a nan inda za a dasa shi. Cikin 1964 fiye da kashi 90 cikin ɗari suka kama. Ƙanƙara ta kakkarya itatuwa masu yawa a 1977, fari ya kashe wasu a 1980, duk suka sāke dasawa. Da tafiya ta yi nisa dajin ya wuce hekta 70,000, kuma a 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ma'aikatansa lambar yabo.

To, Saihanba ɗan yanki ne kawai na abin da Sin ta dasa. Bisa ga lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1990 Sin tana da dasasshen daji wajen hekta miliyan 44, Amurka kuwa miliyan 18. Zuwa 2020 na Sin ya kai kusan miliyan 85, watau saura kaɗan ya yi faɗin Nijeriya duka, wadda take hekta miliyan 92. Na Amurka ya haura miliyan 27, Rasha na biye da kusan miliyan 19. A duniya baki ɗaya an ƙara hekta miliyan 123 cikin shekaru talatin ɗin nan.

Amma kada mai karatu ya ruɗu da yawan lissafi. Cikin waɗannan shekaru dai dazuzzukan duniya sun ragu da hekta miliyan 178, ko da an haɗa da abin da aka dasa. Har ila yau, dajin da aka cika da itace iri ɗaya bai kai kurmin asali yawan tsuntsaye da namun daji ba, cuta ɗaya kuma tana iya yi masa babbar ɓarna.

Nan Arewa ma, inda hamada ke matsowa, kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa, a faɗi dubban da aka dasa. Mutanen Saihanba kuwa sai da suka koma ƙirga wanda ya rayu bayan shekara ta zagayo, sa'an nan suka sami daji.