Giwar Takarda da Giwar Yankari

Musu ne ya kai mu Yankari, ba sha'awar yawon buɗe ido ba. A wani zaman karatu irin wanda muka saba yi ƙarshen wata, wani yaro daga cikin sababbin marubutanmu ya karanta mana gajeren labarinsa, inda jarumin ya ɓata a dokar daji, sai ga wata baƙar giwa ta taso masa, tana taku ƙasa na girgiza. Aka tafa masa. To da aka zo wajen sharhi, sai wata Hajiya daga cikinmu, wadda ba ta cika magana ba, ta ce ita tambaya ɗaya gare ta, kuma ba yaron kaɗai take yi wa ba: a cikin ɗakin nan wa ya taɓa ganin giwa a daji da idonsa? Ɗaki ya yi tsit. Mun kai mu ashirin a zaune, har da masu littafi biyar-biyar a kasuwa. Mutum uku suka ce sun gan ta a gidan namun daji na Kano suna yara, sauran kuwa sai dai a talabijin.

Abin ya ba mu kunya fiye da yadda muka nuna. Ga mu dai da harshen da ya cika maƙil da namun dawa. Mu ne masu cewa giwa a garin wani zomo ce, mu ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In za mu kuranta jarumi mu ce masa zaki manyan dawa, ko gwanki sha bara, ko toron giwa. Amma da za a jera mana gwanki da kanki da mazo a ce mu nuna wane ne wane, da an sha kallo. Gado muka tarar na sunaye, muna ta kashewa a rubutu, alhali kuwa masu sunayen ba mu san kamanninsu ba. Nan take aka yi karo-karo, aka yi shatar ƙaramar bas, mu goma sha ɗaya muka kama hanya a cikin watan Maris, domin an ce da rani ciyawa ta kwanta, kuma ƙishi yana tilasta wa dabbobi su gangaro bakin ruwa.

Daga Bauchi muka bi hanyar Gombe, muka karya dama a Dindima, har zuwa ƙofar gandun a Mainamaji. Daga ƙofar kuma sai da muka ƙara wajen kilomita 40 a cikin daji kafin mu isa masaukin baƙi na Wikki. A nan ne muka fara gane girman wurin, don kuwa murabba'in kilomita 2,244 a takarda lamba ce kawai, sai mutum ya yi ta tafiya babu gona, babu bukka, babu ko ɗan tallan rake, sannan take shiga jikinsa.

Waɗanda suka fara yi mana maraba gwaggon birai ne, kuma ba da ladabi ba. Kafin mu gama sauke kaya, wani ƙato daga cikinsu ya zura hannu ta tagar mota ya sure ledar burodin dattijonmu, ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallonmu, kamar mai karɓar haraji. Mugun dawa kuwa na ta kiwo a tsakanin ɗakuna, ya durƙusa bisa gwiwoyinsa na gaba, ko a jikinsa. Da yamma muka gangara maɓuɓɓugar Wikki, inda ruwa ke fitowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, kana hango farin yashi a ƙasa, ɗuminsa kuma digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Kowa ya je Yankari labarin wannan ruwa yake kawowa, saboda haka ba za mu tsawaita ba. Mu giwa muka zo nema.

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar kewaya, tare da wani ma'aikacin gandu mai bindiga a kafaɗa, muka nufi kwarin kogin Gaji. Muka ga gwambaza tsaye a cikin fadama, muka ga garken ɓauna sun ɗago kai gaba ɗaya suna harararmu, har mai yawan surutun cikinmu ya yi shiru. Gwanki ma mun gan shi, ga dogayen kunnuwa, ga fuska kamar an zana masa baƙi da fari. Burtu na tafe a ƙasa yana rangaji, tsando kuma na aikinsa a wuyanmu da idon sawunmu. Giwa dai babu. Abin da muka samu shi ne sawunta a cikin laka, wanda ɗayanmu ya cire hularsa ya kifa a ciki ba ta rufe ba, sai tulin kashinta, da wata bishiya da aka karya aka saɓule mata ɓawo.

A kan wannan sawu ma'aikacin ya yi mana karatun da ba mu samu a aji ba. Ya ce, "Malamai, ku da kuke rubutu, giwa fa ba ta da ƙarar tafiya. Tafin ƙafarta kamar matashi yake. Sai garke guda ya wuce ta bayanku ba ku sani ba, in ba reshe suka karya ba." Ya ce kuma ba toro ne ke jan garke ba, tsohuwar uwa ce, ita ta san inda ruwa yake da inda mutum yake, toro in ya girma ware kansa yake yi. Tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa guda, shi ya sa in an kashe ɗaya ba a mayar da gurbinta da wuri. Yaron nan mai labari yana gefe yana ta rubutawa, bai ce uffan ba.

Da muka tambayi yawansu, lissafin bai yi mana daɗi ba. Ƙidayar da aka yi da jirgin sama a 2006 ta samu giwaye kusan 350. Bayan shekarun da mafarautan haure suka yi suna ɓarna, duk da cewa tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, ƙiyasin ya dawo tsakanin 100 da 150. Kuma a hakan, wannan yana cikin garkuna mafi girma da suka rage a Nijeriya baki ɗaya. Daga 2014 gwamnatin jihar ta haɗa hannu da ƙungiyar WCS ta Amurka wajen sintiri, har aka ɗaura wa wasu giwayen na'ura a wuya don a riƙa sanin inda suka dosa, kisan ya lafa. Zaki kuwa, manyan dawan da muke kirari da shi, wuri biyu kawai ake lissafa masa a ƙasar nan, Yankari da gandun Kainji, kuma 'yan ƙalilan ne. Raƙumin dawa da kyarkeci tuni suka ƙare a Yankari. Raƙuman dawan da ke gandun Sumu, can wajen Lame-Burra, baƙi ne, daga Namibiya aka kawo su a 2006. Namu na asali, irin na Afirka ta Yamma, sai a Nijar, wajen Kure kusa da Yamai, inda suka ragu har zuwa kimanin 50 a 1996, daga baya da aka tsare su suka haura 600, a tsakiyar gonakin mutane.

Da wannan lissafi a ka muka kwana muna tsine wa mafarauta, muna jin mu ne masoyan giwa. Sai da muka fita wani ƙauye da ke bakin gandun don sayen rake da gyaɗa, muka zauna da wani dattijo manomi a gindin tsamiya, sannan bakinmu ya mutu. Dattijonmu ne ya fara, ya ce, "Baba, ai ku kun ji daɗi, kuna maƙwabtaka da giwa." Tsohon ya dube shi, ya yi murmushi, ya ce, "Alhaji, kai da ka zo kallonta da kuɗinka, ni har gona take zuwa ta same ni kyauta." Ya ce in dawa ta fara nuna, barci ya ƙare musu. Su kwana a gona suna buga garwa, suna hura wuta, suna turara barkono. In garken ya yi niyya kuwa, dare ɗaya ya isa ya share abin da gida zai ci shekara, don babbar giwa takan ci abin da ya haura kilo 100 a yini. Ya ce, "Saniyar makiyayi in ta ci mini gona na san inda zan kai ƙara. Wannan fa, gun wa zan kai ta?" Bai ce a kashe ta ba, mai karatu. Har ma ya ce shekarar da ba su ji motsinta ba sai garin ya yi musu wani iri. Amma mun tashi daga wurin mun san cewa kuɗin tsaron giwar da muke alfahari da ita, wani ɓangarensa daga rumbun wannan tsoho yake fita.

A hanyar komawa masauki muka yi ta jujjuya kalmar nan "gandu". A Hausar gida, gandu ita ce babbar gonar da iyali ke nomawa tare, kowa ya sa hannu, kowa ya ci. To gandun daji na wane ne? Yankari dai ta sha sauya iyayen gida. An keɓe ta a 1956 zamanin Jihar Arewa, aka buɗe ta ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba 1962. Ta zauna a hannun Jihar Arewa maso Gabas, sannan Jihar Bauchi, a 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta ta mai da ita gandun ƙasa, a 2006 kuma ta dawo hannun Bauchi. Duk wannan miƙa-da-karɓa a ofis aka yi shi. Giwa ba ta san an yi ba, shi ma tsohon nan bai ga bambanci a gonarsa ba. Daɗin daɗawa, dajin ba tun fil azal yake babu mutane ba. Akwai ɗakuna 59 da mutanen da suka fafe a jikin dutse, waɗanda ake kira Kogon Marshall, akwai rijiyoyin Dukke sama da ɗari, akwai kufan wuraren narka tama. Wato dai mutum da dabba sun daɗe suna wannan ja-in-ja a nan, ba Bature ne ya kawo ta ba.

Amma abin da ya fi ci mana rai, a matsayinmu na masu sana'ar kalma, shi ne abin da ya sami kalmar "daji" ita kanta. Lokacin da muke yara, in kaka ta ce daji, abin da ke zuwa mana shi ne Gizo da kura, da maharbi da kwarinsa, da aljanar kuka. Tsoro ne, amma tsoro mai daɗi, wanda ake ji a kan tabarma. Yau a ce wa yaro "an shiga da shi daji", ba zai tambayi wace dabba ba, nawa aka nema zai tambaya. Sambisa gandun namun daji ce, da giwayenta, kafin duniya ta san sunanta ta hanyar 'yan matan Chibok a 2014. Kamuku ta Birnin Gwari ta zama gandun ƙasa a 1999, amma shekarun da suka biyo baya ba da namun dawa sunanta ya fita ba. Haka Rugu ta Katsina, haka Falgore da muke ratsawa a hanyar Jos, inda aka yi zamanin da direba ke ƙara wuta fasinja na salati. A 2020 an amince a ƙara gandayen ƙasa goma, ciki har da Falgore da fadamar Haɗeja, muna kuma fatan alheri. Sai dai abin da muka lura da shi, duk dajin da ma'aikacin gandu da mai ziyara da ɗan makaranta suka daina shiga, ba ya zama babu kowa, wani ne yake tarewa. Mu ma marubuta mun daɗe da ƙaurace masa. Littattafanmu sun koma falo da ɗakin amarya, in daji ya fito to wurin da za a yar da jariri ne ko a kai wa boka kuɗi. Wannan laifi ba mu da wanda za mu ɗora wa.

Ranar da za mu taho, Hajiya ta dage sai an sake fita sau ɗaya, ko da za mu yi dare a hanya. Muka bi gefen Gaji har rana ta fara zafi, mun fid da rai, sai ma'aikacin ya dafa kafaɗar direba, mota ta tsaya. Da fari ba mu ga komai ba sai kurmi. Can sai wani abu da muka ɗauka dutse ne ya kaɗa kunne. Suka fito ɗaya bayan ɗaya suna tsallake hanya, mun ƙirga tara, babbar uwa a gaba, wani ɗan ƙarami yana tafe a tsakanin ƙafafun manya. Ba baƙaƙe ba ne, kalar ƙasar da suka yi birgima a ciki ce a jikinsu. Kuma wallahi babu abin da muka ji sai numfashinmu da kukan wata kurciya. Uwar ta tsaya ta juyo ta dube mu na ɗan lokaci, ta ɗaga hanci ta shaƙi iskarmu, sannan ta bi bayan sauran, kurmi ya rufe. Dukan abin bai fi minti uku ba. Dattijonmu, mai baitoci ɗari-ɗari, abin da kawai ya iya cewa shi ne, "Tabarakallah."

A zaman wata na gaba yaron ya sake karanta labarinsa. Ya cire girgizar ƙasa, ya cire baƙin, ya sa jarumin nasa ya waiwaya kawai ya ga giwa tsaye a bayansa, bai san lokacin da ta zo ba. Da ya gama, sai wani babban marubucinmu da bai samu zuwa tafiyar ba ya gyara zama, ya ce labari ya yi kyau, amma yana ba yaron shawara ya ƙara bincike, don kowa ya san in giwa tana tafiya ƙasa sai ta girgiza.