Kujerar da Ba a Auna da Mu Ba

Aikin rediyo yana da wata alfarma: murya ba ta da nauyi. Masu saurarona a Garwa da ƙauyukan bakin Binuwai sun san ni da murya, sai ranar da muka haɗu a wajen biki ko ɗaurin aure ka ji an ce, "Ashe Malam haka kake da jiki!" A wurinmu wannan yabo ne. Tumbi alamar wadata ce, ramamme kuwa tambayarsa ake yi ko lafiya. Sai dai mutanen da ke yaba jikin su ne kuma ke ƙera kujerun da jikin ba ya shiga.

Abin da ya sa na fara tunani a kan wannan shi ne labarin lilon nan na Turawa mai gudu a kan dogo, wanda ke hawa sama ya gangaro kamar zai kife. Abin da ke riƙe mutum a ciki sandar ƙarfe ce da ake saukewa a kan cinya. Idan ta zauna a kan cinya, ƙashi ta kama. Idan tumbi ya tare ta, tsoka kawai ta danne, tsoka kuwa tana lotsawa. Da lilon ya yi gangara jiki ya ɗaga, sai mutum ya zame. A watan Yulin 2013 wata mata ta faɗo daga lilon Texas Giant a wurin wasa na Six Flags da ke Amurka, ta rasu. Da aka sake buɗe shi a watan Satumba, an ƙara masa bel, aka kuma ajiye kujerar gwaji a bakin ƙofa, domin kowa ya gwada kafin ya shiga layi. A 2023 kamfanin Universal ya gargaɗi masu ƙugun da ya kai inci 40, wato wajen santimita 102, cewa mai yiwuwa ba za su iya hawa sabon wasansa na Mario Kart ba. Nawa ƙugun ya wuce haka tun ina makarantar koyon aikin jarida.

Mu a Poumpoumré ba mu da irin wannan lilo, amma muna da motar tasha. Duk wanda ya bi hanyar Ngaundere, sama da kilomita 270, ya san gangaren dutsen nan da ke sa fasinja salati. Sau da yawa nakan biya kuɗin kujera biyu don kada in takura maƙwabci, amma bel ɗin ba ya kai wa ga maƙullinsa. Wani yaron mota ya taɓa ce mini, "Alhaji, ai kai ka cika wurin, ina za ka faɗa?" Mota ta kwashe da dariya. Ni kuwa ina tuna cewa a ranar hatsari, mai nauyi ne ke faɗa wa na gabansa.

Ba na neman a danne mini ƙarfe da ƙarfin tsiya don a faranta mini rai. Ƙa'idar da ke hana ni hawa ita ce ke kare rayuwata. Abin da nake roƙo kaɗan ne: a tanadi ƙarin bel kamar yadda ake bayarwa a jirgin sama, a ware kujera ɗaya ko biyu masu faɗi, idan kuma ba zai yiwu ba, a ja mutum gefe a gaya masa a hankali. Ana iya kare ran mutum ba tare da an zubar masa da mutunci ba.