Yadda Muka Sayi A-Kori-Kura A Gidanmu

Duk wanda ya taso a Kasuwan Garba, ko wani gari na Ƙaramar Hukumar Mariga a ƙasar Kontagora, ya san cewa wahalar manomi ba ta ƙarewa ranar da ya gama girbi. Masara ce ko dawa ko waken soya, sai an kwaso daga gona an kai gida, daga gida kuma an kai kasuwa, kuma kowane buhu da kuɗin motarsa. Shekara da shekaru mahaifina yana biyan wannan kuɗi yana ƙorafi, har zuwa kakar 2023, lokacin da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo sakamakon cire tallafin man fetur da aka yi a watan Mayu na shekarar. Wata rana bayan sallar isha'i sai Baba ya tara mu, ya ce ya yanke shawarar sayar da bijimai shida, ya haɗa da kuɗin masara, ya sayi a-kori-kura ta hannu. Inna ba ta ce komai ba, amma ta dube ni, domin kuwa ta san cikin waɗannan bijimai har da na kuɗin makarantata.

Ga wanda bai san ta da wannan suna ba, a-kori-kura ita ce ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Kurar da ake nufi ita ce wadda 'yan dako ke turawa, wato mota ta zo ta kore ta daga aiki. Iyayenmu sun fi sanin ta Peugeot, 404 da 504, waɗanda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya riƙa harhaɗawa. Daga baya motocin Japan, musamman Toyota Hilux da aka fara ƙerawa a 1968, suka karɓe hanyoyin karkara.

Abin da ya sa hankalin Inna bai kwanta ba shi ne abin da ya sami Kawuna shekara biyu kafin nan. Shi ma ya sayi tasa, ja ce mai sheƙi, a hannun wani dillali, cikin yini guda. Ashe ƙashin bayanta, wato shasi, ya taɓa karyewa an yi masa walda an shafe da baƙin fenti. Ranar da ta tashi tona asiri, sai ta zaɓi tsakiyar daji, da kaya a kanta, ana dab da magariba. A yankinmu, inda 'yan bindiga suka hana mutane sakat, ba a kwana a daji ana gadin mota. Kawu da yaronsa suka bar ta nan suka tako da ƙafa. Washegari da aka koma, babu buhu ko ɗaya, babu batir, babu tayoyi biyu. Ƙarshenta 'yan gwangwan ya sayar wa abin da ya rage. Saboda haka a wurinmu lafiyar mota ba maganar riba kaɗai ba ce, har da ta rai.

Ni kuwa, da yake ina jami'a, sai na ɗauka ranar nuna amfanin boko ta zo. Na kwana biyu ina bincike a intanet, na cika takarda da sunayen motoci da ƙarfin injinsu. Baba ya karɓa ya duba, ya ce, "Madalla, ɗan boko. Riƙe takardarka, za ta yi amfani. Amma da Oga za mu tafi." Oga wani dattijon makanike ne a Kontagora, wanda ya koyi aiki tun zamanin 404. Bai iya karanta Turanci ba, kuma duk kayan da ya ɗauko su ne tocila, da ɗan maganaɗisu, da farin tsumma, da tsohon buhun da zai shimfiɗa.

Motar farko da ta sace zuciyata a Kontagora muka gan ta. Shirgegiya ce 'yar Amurka, mai silinda takwas, tayarta ta kai mini ƙugu. Na shiga karanto wa Baba irin nauyin da za ta iya ja. Oga ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, mota ce ta ƙwarai a ƙasarsu. To idan ta tsaya a hanyar Bangi, wa zai taɓa ta? Ni dai ban san cikinta ba. Ƙaramin abu idan ya lalace, sai an aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a dace ba sai Ladipo a Legas, kana zaune mako biyu masara tana jira. Ga shi tana shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya." Ya juya ga Baba ya ce, "Alhaji, motar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ake samun kayanta a shagon bakin tasha." Na ninke takardata na sa aljihu.

Washegari muka bi ta Tegina da Zungeru zuwa Minna, inda aka kwatanta mana wata fara tas, wai 'yar Kwatano ce da ba ta daɗe da shigowa ba. Muna isa muka tarar har an tayar da ita tana aiki. Oga ya ɗora hannu a kan bonet, ya ce wa dillalin a kashe, gobe da sassafe za mu dawo, kada kowa ya taɓa makulli. A masauki ya bayyana mini dalili: injin da ya yi zafi yana ɓoye ciwonsa, da sanyin safiya ake jin gaskiyarsa. Ya ce in lura da hayaƙi. Shuɗi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa yana shiga inda bai kamata ba, baƙi kuma mai ne ba ya ƙonewa daidai.

Da safe ta tashi da ƙyar, da shuɗin hayaƙi. Oga ya bi jikinta da maganaɗisu, yana kamawa a wani wuri, yana zamewa a wani, domin inda aka cike lotsawa da abin ciko kafin fenti ba ya kama ƙarfe. Agogon kilomitarta yana nuna tafiya kaɗan, amma robar birki da ta kuloci sun cinye har ƙarfe ya fito, alamar an mayar da agogon baya. Sannan ya haska ƙarƙashin sitiyari ya kira ni. Wayoyi ne an yanka an ƙulla, ga ramukan da aka toshe a ɗaya gefen. Motar ƙasashen da ke tuƙi ta hagu ce, irin su Ingila da Japan, aka juya mata sitiyari, tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972. Ya ce akwai masu juyawa da kyau, amma ba zai ɗora ran Alhaji a kan waldar wanda bai sani ba. Dillalin ya yi ta rantsuwa yana rage kuɗi, Baba ya ce masa, "Allah ya kawo kasuwa," muka wuce.

Ta uku ba a wurin dillalai take ba. Wani ɗan kasuwar hatsi ne zai sayar da tsohuwar Hilux ɗinsa mai gida ɗaya, mai shan fetur, don ya sayi Kanta. Fentinta ya koɗe, bayanta duk tabon buhu da igiya, kujerar direba ta yage. Wallahi kunya na ji da na tuna a cikinta za a riƙa kai ni tasha. Oga kuwa ya shimfiɗa buhunsa ya shige ƙarƙashinta, ya fi rabin awa yana bin shasi da tocila yana ƙwanƙwasawa, yana neman walda ko tsatsa. Ya ce motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara sukan ruɓe ta ƙasa saboda gishirin da ake zubawa a titunansu, wannan kuwa nan ta tsufa. Ya ƙirga sifirin na baya, ya ga ba a ƙara ko ɗaya ba, alamar ba a mayar da ita jaka ba. Ya buɗe murfin baƙin mai ya goga a farin tsumma, babu wani abu mai kama da kindirmo. Ya buɗe lagireto da sanyinsa aka tayar da injin, ruwan bai yi kumfa ba. Ya duba tayoyi, duk cinsu ɗaya. Daga nan ya ce a loda mata buhu goma, ya tuƙa ta zuwa wata hanya mai gargada da hawa, ya gwada kowace giya, ya taka birki ya sassauta riƙon sitiyari ya ga ko za ta ja gefe.

Da muka dawo ya lissafa wa mai ita laifuffukanta ba ɓoye-ɓoye: kuloci ya kusa ƙarewa, birkin baya yana son gyara, batir ya tsufa. Mutumin ya yi dariya ya ce duk haka ne, har ya ƙara da wani da Oga bai ambata ba, wai fitilar hagu takan ɗauke. Baba ya faɗa mini daga baya cewa wannan maganar ce ta sa ya saya.

A nan ne bokona ya yi rana. Baba ya miƙo mini takardun ya ce, "To, ga naka aikin." Na gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da ta takarda, harafi bayan harafi, haka ma lambar injin. Na nemi takardar biyan kuɗin kwastan, domin tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, motoci da yawa sun shigo ta ɓarauniyar hanya, kuma wanda aka kama da irinsu shi ke asara. Na ga sunan da ke takardar mallaka shi ne na katin shaidar mai sayarwa. Na rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu biyu, kuma ba mu bar Minna ba sai da aka mayar da takardun zuwa sunan Baba. Oga ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga wannan, ni ban iya ba."

Baba bai kashe kuɗin duka a ciniki ba, ya ware na gyara tun kafin a fara taya. Ya kuma kafa doka: an yi motar don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo 100, saboda haka gara sawu biyu da lodi ɗaya na ganganci, kuma la'asar ta yi mata a gida. Direbobin tasha suna yi masa dariya, su da ke ɗora ashirin har da fasinja a sama. Shi dai amsarsa ɗaya ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tun daga lokacin sau ɗaya ta tsaya a hanya, bel ne ya tsinke, kuma a shagon bakin tasha aka samo wani. A kaka ta biyu Baba ya mayar da bijimai biyu turke, kuma ban taɓa makara wajen biyan kuɗin rajista ba.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu 'ya'yan manoma ne, kuma idan irin wannan ciniki ya taso a gida, mu za a tura saboda mun yi karatu. Shawarata ita ce ku je da takardarku, amma ku nemi makaniken garinku ku tafi tare, ku biya shi kuɗin yininsa, ku kuma tambaye shi tun kafin ku tashi wace mota ce yake da kayanta. Allah ya tsare mu da asara, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Kontagora da Nijeriya baki ɗaya, amin.